Ciwon Gidan Su Salima Mai Ƙuli

A unguwarmu da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda, har yau Salima mai ƙuli ake ce mata, duk da ta daɗe da jingine turmin. Hannun hagu ne ya hana ta. Ya kumbura tun daga hammata har wuyan hannu, ya yi nauyi kamar ba nata ba, in za ta tashi daga tabarma sai ta tallabe shi da na dama. Mace ce doguwa, baƙa, mai ƙarancin dariya. Katanga ɗaya ce tsakanina da ita tun ranar da aka kawo ta amarya, saboda haka abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma daga bakinta na ji.

'Yar Gurbin Bore ce ta ƙasar Zurmi. Mahaifinta Malam Sodangi manomin gero da dawa ne, sunan mahaifiyarta Rekiya. 'Ya'ya uku Rekiya ta haifa suka rayu: Bilyaminu ne babba, sai Salima, sai autarsu Yusra, wadda Salima ta girme wa nesa ba kusa ba. Tun kafin a haifi Salima akwai maganar da ake yi a kan dangin uwarta. Kakarta ta rasu da sauran ƙuruciyarta, ciwon nono ya kashe ta. Ƙanwar Rekiya da aka aurar a Jangeru ita ma haka. Mutanen gari ba su cika kiran sunan ciwon ba, in sun matsu su ce daji, in suna tsakaninsu su ce ciwon gidan su Rekiya.

Salima tana 'yar shekara goma sha huɗu ya zo kan uwarta. Da farko ɗan ƙullutu ne kamar ƙwallon magarya, ba zafi ba ƙaiƙayi. Aka sha saiwoyi, aka sha rubutu, aka shafa abin da masu magani suka bayar. Ba wanda ya kawo zancen asibiti, don kowa ya yarda daji ba ya son ƙarfe, da allura ta taɓa shi sai ya bazu. Ya bazu ɗin kuma ba tare da allurar ba. Ya fashe, ya koma gyambo, har ɗakin ya gagari masu zuwa gaisuwa, sai su tsaya daga bakin ƙofa su yi sannu su wuce. Salima ce ke dafa ganyen dogon yaro ta wanke gyambon safe da yamma, ta zuba turare a garwashi, ta kore ƙudaje da mafici. A nan bakin ƙofar ta sha jin matan suna raɗa wa juna cewa abin a nono ake shan shi, uwa ta ba ɗiya, ɗiya ta ba tata.

Rekiya ma ta yarda da hakan. Wata rana da la'asar, Salima na ɗaure mata tsumma, ta riƙe hannunta ta ce, “Da na sani da ban ɗora ku bisa ƙirjina ba, ke da Yusra. Abin da Innata ta ba ni, shi na ba ku. Ku yahe mani.” Ba ta kai kaka ba ta rasu.

Armiya'u malamin firamare ne ɗan Kaura, aka tura shi koyarwa Gurbin Bore, a can ya ga Salima. An kai masa tsegumin, ya ce ciwo da lafiya duk na Allah ne. Ya auro ta ya kawo ta gidansu, inda yake zaune da yayansa Mamuda mai sayar da hatsi da matarsa Maryamu. Salima ta kama sana'ar gyaɗa. Ta soya, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta duƙa a kan turmi tana juya tunkuza da ruwan zafi har mai ya taso. Manta ba ya ƙauri, ƙulinta kuma masu tsire har rububinsa suke don yaji. Da safe ƙamshin suyarta ke tashe mu.

Shekara na zagayowa ta haifi 'ya mace. Aka sa mata sunan uwar Armiya'u, ana kiran ta Gimbiya. Da ungozoma ta wanke jaririyar ta miƙo mata, sai Salima ta juya fuska ga bango ta ce babu ruwa a nononta. Aka ce sabuwar haihuwa ce, zai zo. Maryamu, wadda ke goyon ɗa namiji ɗan 'yan watanni, ta karɓi jaririyar ta ba ta kafin nan. Amma kafin suna kowa ya ga gaban rigar Salima a jiƙe sharkaf.

Maryamu ta same ta a ɗaki ta ce, “Ke Salima, mi kike yi haka? Ga nono yana zuba har tabarma, ga ɗiya tana tsala kuka.”

“Yaya Maryamu, don girman Allah ki riƙe ta. Nonona ba na sha ba ne.”

Armiya'u ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya jawo mata aya a kan haƙƙin shayarwa. Ta bari ya gama sannan ta ce, “Malam, kai labari ka ji. Ni na wanke uwata da hannuna.” Daga ranar bai sake tayar da maganar ba.

Ta ɗaure ƙirjinta tamau da tsohon ɗankwali. Nonon ya cika ya sandare, zazzaɓi ya kwantar da ita. Tana kwance tana jin 'yarta na tsotso a ɗakin da ke kallon nata, tana jin Maryamu na yi mata wasa. Wasu matan unguwa suka ce kunyar 'yar fari ce ta yi mata yawa. Wasu suka ce mace ce mara tausayi. Ba ta tanka wa kowa ba, don a ranta ta gama lissafi cewa gara a zage ta da a ce wata rana 'yarta ta kwanta irin kwanciyar Rekiya.

Ba a kai ga yaye ba Mamuda ya mayar da kasuwancinsa Shinkafi, inda masu sayen hatsi daga Nijar ke sauka. Dole Gimbiya ta bi mai ba ta nono, a kan in an yaye ta za a maido ta. An maido ta ɗin. Yarinya ta tsaya a bakin zaure tana kiran Inna har muryarta ta dushe, ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, in Salima ta miƙo hannu sai ta ruga bayan randa. Aka mayar da ita Shinkafi. Aka sake gwadawa da ta ƙara wayo, abin bai canza ba. Daga ƙarshe ta zama 'yar Maryamu, sai da salla ake kawo ta, ta durƙusa ta ce, “Ina wuni, Yaya Salima.” Bayan Gimbiya Salima ta yi ɓari sau biyu, daga nan haihuwa ta tsaya mata.

Tana gab da shekara talatin, wata safiya tana wanka, yatsanta ya ci karo da shi a nonon hagu, can wajen hammata. Ta ce mini ba ta firgita ba, ji ta yi kamar baƙon da aka daɗe ana jira ya yi sallama. Ta fito ta tarar da Armiya'u zai tafi makaranta ta ce, “Malam, ya zo. Ni ba ni shan saiwa. Ka kai ni inda za a yanke shi.”

Daga asibitin Kaura aka tura su Gusau. Aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji, suka yi ta zirga-zirga kafin sakamako ya fito. Likitar da ta gan su mace ce mai haƙurin bayani. Ta gaya musu sankara ce, amma an zo da wuri. Sannan ta tambayi Salima ko akwai wadda ta taɓa yin irinsa a danginsu. Salima ta lissafo mata kaka, da uwa, da ƙanwar uwa. Likita ta ajiye biro ta ce wannan ya yi kama da irin wadda ake gado. Akwai gwajin jini da ke tabbatarwa, amma ba a yin sa a kusa, kuma ba kowa ke iya kai kansa ba, saboda haka gara a ɗauka duk matan gidan suna cikin haɗari, a riƙa duba su tun suna 'yan mata.

Salima ta ce, “Wannan na sani, likita. Shi ya sa ban ba ɗiyata nono ba, ko sau ɗaya.”

Likita ta dube ta. “Wane nono? Ai ba a nono yake ba. A cikin halitta yake, tun ranar da ciki ya shiga. Kowane ɗa, mace ko namiji, yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa, kamar a raba goro biyu. Namiji ma yana ɗauke da shi ya ba 'ya'yansa mata.”

“To ɗiyata hwa?”

“In ta ɗauka, tun tana cikinki ta ɗauka. In ba ta ɗauka ba, ko shekara nawa ta yi tana shan nononki ba abin da zai same ta. Shayarwa ma tana ɗan rage wa uwar haɗari.”

Likitar ba ta san abin da ta taɓo ba, ta ci gaba da bayanin ranar aiki. Armiya'u ya sunkuyar da kai. Suka hau mota suka dawo Kaura. Da na leƙa ta katanga na gan ta zaune a kan turmin da ta kife, ko mayafi ba ta cire ba. Na zagaya na tambaye ta abin da aka ce. Ban ji ta ambaci sankara ba. Cewa ta yi, “Na ba da ɗiyata a banza.”

Aka cire nonon, aka haɗa da 'yan ƙulle-ƙullen hammata, wanda shi ne asalin kumburin hannunta. Sai kuma ruwan maganin nan mai ƙarfi da ake ƙara wa mutum lokaci bayan lokaci. Duk ranar da ta dawo daga Gusau sai ta kwana biyu tana amai, gashinta ya zube har gira, faratanta suka yi baƙi. Armiya'u ya koyi tuƙa tuwo, ya koyi wanki, ya rame kamar shi ne majinyacin. A unguwa kuwa ana ta cewa tunda ƙarfe ya taɓa ta sai dai a jira. Aka yi ta jira, Salima ba ta mutu ba. Gashi ya dawo, ta fara fitowa tsakar gida. Turmi ne dai ya gagare ta, in ta juya tunkuza kaɗan sai hannun ya haye. Maryamu ta kawo Gimbiya dubiya. Yarinyar ta tsaya daga ƙofa riƙe da zanen Maryamu ta ce, “Sannu, Yaya,” idonta na kan ƙasa.

Da Salima ta ji ƙarfi ta shirya ta tafi Zurmi. A lokacin mahaifinsu ya rasu, 'yan bindiga kuma sun hana noma a gonakinsu na Gurbin Bore, Bilyaminu ya kwashe iyali ya dawo cikin Zurmi, Yusra na hannunsa. Ta zama budurwa mai natsuwa, tana koyarwa a wata Islamiyya, har an sa ranarta da wani ma'aikacin ƙaramar hukuma ɗan gidan malamai. Bilyaminu kuma yana da 'ya'ya mata uku.

Salima ta zauna a gabansa ta zayyana masa abin da likita ta ce, har da cewa shi kansa yana iya ɗauke da shi. Ya saurare ta yana jan carbi, fuskarsa na ƙara ɗaurewa.

“Kin gama?” in ji shi. “Mun baro Gurbin Bore, mun baro wagga magana can. Nan ba wanda ya san mu da ita. Yanzu kina so ki ɗauko ta ki liƙa mamu a goshi? Har da ɗiyana?”

“Yaya, dubawa kawai za a riƙa yi. In an gani da wuri ana rayuwa. Ga ni.”

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, “Na gan ki.” Sannan ya ce kada ta kuskura ta kai wa Yusra wannan zance ana saura 'yan watanni biki.

Ta kai mata. Kafin ta hau mota ta ja ƙanwarta ɗaki, ta buɗe rigarta ta nuna mata tabon, ta kama yatsunta ta koya mata yadda ake laluben nono duk wata bayan an yi wankan tsarki, ta ce kuma ta riƙa zuwa Gusau ana yi mata hoto. Yusra ta yi kuka, ta yi godiya. Amma Yusra mai karatu ce, ta ce ba za ta shiga gidan mutum da ɓoye-ɓoye ba, haramun ne. Da saurayin ya zo zance ta gaya masa komai. Shi ya ce ba komai, Allah ke tsarewa. Ya je gida ya faɗa wa mahaifiyarsa. Ba a yi mako ba aka turo wani dattijo ya ce a ɗan dakata da maganar biki, akwai abin da ake dubawa. Dakatawar ba ta ƙare ba. Kafin a cire amfanin gona ya auri wata.

Bilyaminu ya kira Salima a waya, ina zaune kusa da ita, muryarsa har waje. “Kin ji daɗi? Duk Zurmi an sani. Jiya an ce ma ɗiyata a makaranta gidansu ana gadon daji. Kada ƙahwarki ta sake taka gidana.”

Yusra ma ta ɗauke mata wuta. Bayan shekara biyu aka aurar da ita a Galadi ta ƙasar Shinkafi, ga wani manomi mai suna Balarabe da bai san komai a kan gidansu ba. Ba a gayyaci Salima ba, a bakin Maryamu ta ji. Takan kira Yusra, in an yi sa'ar sabis ta ɗauka su gaisa sama-sama. Da zarar Salima ta ce, “Kina dubawa kuwa?” sai Yusra ta ce, “Yaya, ki bar ni haka nan,” ta kashe.

A tsakanin nan ne Salima ta koma aka cire ɗaya nonon, wanda lafiyarsa ƙalau. Likita ta ce irin nasu yakan koma ɗaya gefen, zaɓi nata ne, ko a ci gaba da sa ido ko a cire. Salima ta ce ta gaji da kwana da tashi da fargaba. Bayan wasu kwanaki Armiya'u ya ce jikinta ne, ita ta san abin da take ji. An kuma yi mata maganar ƙwayayen haihuwa, cewa su ma ciwon yakan kama su a irin wannan gado. Wannan ta ce a ba ta lokaci, har yau kuma ba ta koma da amsa ba.

Wata damina sai aka kawo Yusra gidan Salima. A babur aka ɗauko ta daga Galadi, an ɗaure ta da zane a bayan mijinta don ba ta iya zama da kanta, suka bi ta hanyar da ake ganin ta fi lafiya har Shinkafi, daga can aka sa ta a mota. Tana da goyon 'ya mace. Tun kafin su shigo zaure Salima ta gane warin. Irin na ɗakin Rekiya ne.

Tun tana da ciki Yusra ta ji ƙullutun. Ta gaya wa kanta ruwan nono ne, alhali ta san ba shi ba ne. Ta ɓoye fiye da shekara, tana wanka a ɓoye, tana cusa tsumma a riga, sai da ya fashe ciwon baya kuma ya hana ta tashi. Balarabe ya tsuguna a tsakar gidan Salima yana share hawaye da hularsa yana cewa, “Wallahi da ta hwaɗa mani da na kawo ta tun tuni. Mi zan yi da nono? Ita nike so.”

A Gusau aka ce ya shiga ƙashi, ya taɓa hanta, abin da ya rage shi ne a rage mata zafi. Salima ta ce a kawo ta ɗakinta. Ta koma wankin gyambo safe da yamma, da hannu ɗaya da rabi, wannan karon da ruwan magani da auduga na asibiti. Yusra ta tambaye ta ko ta daina ba jaririyar ɗaya nonon. Salima ta ce, “Ba ta ta sha, har ranar da likita ya ce maganinki ya hana. Ba a nan yake ba.”

Wata rana da hantsi ina taya ta riƙe kwano, ta kasa daurewa ta ce, “Mi ya sa, Yusra? Ke kin hi kowa sani. Da hannuna na koya maki.”

Yusra na kallon rufin ɗaki ta ce, “Na hwaɗi gaskiya sau ɗaya, Yaya, kin ga abin da ta yi mani. Na ce in na sake hwaɗi anka yanke ni, wanga ma ya sake ni, ina za ni? Gidan Yaya Bilyaminu?”

“Da kin zo nan.”

“In zo in zama ke?” Ta juyo da kai da ƙyar. “Ke kin rayu, Yaya. To mi kika samu?”

Salima ta koma kan gyambon. Ta matse audugar ta ci gaba da abin da take yi. Can Yusra ta kamo gefen zanenta ta ce ta yafe mata, zafi ne ke sa ta magana. Salima ta ce ba komai. Amma na san maganar ta zauna mata, don ta sha maimaita mini ita.

Gero na fitar da kai Yusra ta rasu. Ba ta cika shekara ashirin da bakwai ba.

Bilyaminu ya zo zaman makoki. Da ya shigo cikin gida yi wa mata gaisuwa ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Salima ya ce haka Allah ya ƙaddara, sai haƙuri. Salima ta ce daga ciki, “Ciwon ƙaddara ne, Yaya. Shirun kuwa mu munka koya mata shi.”

Ya ce, “Mu? Da kin kama bakinki tun hwarko, da yanzu tana cikin Zurmi gidan ma'aikaci, asibiti na bayan gidanta. Ke kika kai ta Galadi.” Ya sa takalmansa ya fita.

Na zaci za ta yi kuka ko ta bi shi da magana. Ba ta yi ko ɗaya ba. Bayan an watse ta ce mini ta juya maganarsa ta kowace fuska, ta kasa samun inda za ta ce ƙarya ce tsantsa. Da ta yi shiru, wataƙila Yusra ta auri ma'aikacin, wataƙila kuma ta mutu a gidansa ba tare da ta san abin da za ta duba ba. Da ta yi magana, ga inda aka kwana. Ta ce ita dai ba a nuna mata hanya ta uku ba.

Ta roƙi a bar mata jaririyar. Dangin Balarabe suka ba ta haƙuri cikin mutunci, suka ce kakarta ta wajen uba na nan da ƙarfinta, suka tafi da ita Galadi. Gimbiya ma ta zo gaisuwa, ta zama budurwa, tana sakandare a Shinkafi, doguwa kamar uwarta. Salima ta so ta zaunar da ita, sai ta ga ba ta san ta inda za ta fara da yarinyar da ba su taɓa hira ta minti goma ba. Ta ja Maryamu gefe ta gaya mata komai. Maryamu ta ce, “Bar mani. In ta gama makaranta ni zan hwaɗa mata, ni zan kai ta Gusau. Daga bakina za ta hi ji.” Salima ta ce to, don ta san gaskiya ce.

Yanzu Armiya'u ya buɗe mata ɗan teburi a zaure, tana sayar da magi da gishiri da omo. Tana zuwa asibiti a duba ta in lokaci ya yi, in hanya ta yi kyau. Har yanzu ba a ga komai ba.

Bayan sallar layya da ta wuce, sai ga Rashida matar Bilyaminu ta yi sallama da babbar 'yarsu Rukayya. Sun ce wa maigidan za su Kaura duba kayan ɗaki, don an fara neman yarinyar. Rashida ko zama ba ta yi sosai ba ta ce, “Gwaggonsu, ki koya mata abin da kika koya ma marigayiya. Babanta bai san mun biyo nan ba.” Salima ta shiga da yarinyar ɗaki, suka jima. Ta kuma gaya wa uwar wace rana ake ganin likita a Gusau, da shekarun da ya kamata a fara hoto.

Da suka fito Rukayya na gyara hijabi, ta tsaya a tsakar gida kamar mai neman wani abu a ƙasa. Sannan ta ce, “Gwaggo, shi wanda ke nema na, in hwaɗa mashi?”

Uwar ta dubi Salima, ni ma na dube ta. Ta tallabe hannunta mai kumburi.

“Ban sani ba, ɗiyata,” in ji ta. “Wallahi ban sani ba. Abin da na sani, duk wata ki duba. In kin ji wani abu, ko ƙanƙane ne, kada ki kwana da shi.”

Rashida ta ɗaga kai ta dubi rana ta ce su tashi, motocin Zurmi ba sa kama hanya in la'asar ta yi. Salima ta ƙulla musu gishiri da magi a leda don kada su koma hannu sake, ta raka su har bakin titi.